Idi Tamau da Haƙoran Bindigar Fenti

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Idi kwalba ya ce ya rufe masa, ya san daga ranar sai dai ya nemi wata kwalbar. Mutumin nan bai taɓa murɗa abu ya bar shi inda ya kamata ya tsaya ba. Marfi ne, kan famfo ne, noti ne, sai ya murɗa har ya ƙure, sannan ya cije leɓe ya ce, "Saura kaɗan," ya ƙara masa. A cikin wannan kaɗan ɗin rabin ƙarafan Sabon Gari suka mutu. Shi ya sa ba wanda ya san shi da Idrisu mai fentin mota. Idi Tamau kowa ke cewa, shi kuma yana amsawa da fara'a, don a zatonsa yabo ne.

Tun da aka yi sadakar arba'in ɗinsa nake jin mutane suna cewa marigayi mai haƙuri ne, mai sauƙin kai, mai kyauta. Ban san wa suka binne ba, amma ba Idi ba ne. Ni Tsahara taubashiyarsa ce, uwarsa ƙanwar ubana, saboda haka bawana ne tun yana cikin zanen goyo. Kuma na yi shekara da shekaru ina tuyar ƙosai a bakin garejinsa, ba abin da ya yi da bai wuce ta gaban kaskona ba. Rowa kuwa, mabarata ma sun san garejin nan. In sun zo daidai ƙofarsa sai su yi shiru su huta, sai sun wuce su ɗauko baitinsu daga inda suka ajiye shi.

Ni ce ya fara cuta. Ranar jerena aka kawo gadon ƙarfe sabo fil, ba wanda ya kira shi, sai ga shi da sifana a aljihu. Ya ɗaura ƙafa uku lafiya, don ƙarfen ya jure. Da ya zo ta huɗu na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Na ce, "Idi, ya isa hakanan."

Ya ce, "Ke mi kinka sani? Gadon amarya ne, sai ya ɗauru. Saura kaɗan."

Muka ji ƙas. Noti ya shiga juyawa a banza, haƙoransa duk sun cinye. Ya ciro shi, ya ɗaga shi sama ya duba da ido ɗaya, ya girgiza kai ya ce, "Ƙarhen Nasara ya lalace. Da can ba haka suke yin shi ba." Ya sa sifanarsa a aljihu ya tafi cin tuwon biki. Da igiya aka ɗaure ƙafar, aka tokare ta da bulo, kuma a kan gadon nan na haifi ƴaƴana duka. Ranar sunan na uku ya shigo yi mini barka, idonsa ya faɗa kan bulon, ya tsaya yana kallo da takaici. Ya ce, "Tsahara, wane sakarai ne ya ɗaura maki gadon ga?"

To a Maraɗi lokacin akwai Lawali, mai injin sassaƙa ƙarfe a bayan tasha. Sana'arsa ke nan, in haƙoran noti ko na rami sun cinye ya yanka sababbi. Shi da Idi ba su da wata gaba, sai da aka yi abin Jiratawa. Idi ya je can gaisuwar rasuwa, a hanyar dawowa ya bi ta lambun wani bawan Allah mai albasa, ya ga injin ban ruwansa yana ɗigo. Ɗigo fa, irin wanda kaza ma ba za ta ƙoshi da shi ba. Mai lambu ya tafi salla. Kafin ya sallame Idi ya taimake shi. Da mutumin ya dawo ya tarar da ruwa yana feshi sama, fangalin albasa babu ko jiƙa, ga wani baƙo tsaye sharkaf yana zagin ƙarfen Nasara.

A amalanke aka kawo injin wurin Lawali, albasa na can tana yaushi. Lawali ya leƙa ramin da haƙoransa suka cinye sau ɗaya, bai ma tambayi wanda ya taɓa ba. Ranar da yamma a majalisar ƙofar masallaci, gaban kowa, ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, ku taya ni yi ma Malam Idi addu'a, Allah shi ƙara mai tsawon rai da ƙarhin hannu. Rabin tuwon gidana daga hannunshi yake hitowa."

Mutane suka ce amin, har da masu shafawa. Idi ya miƙe, ya ce, "Wallahi tallahi, kayana ba su shiga rumfar Lawali har in mutu." Bai bar ta nan ba. Ya maimaita ta a kasuwa, ya maimaita ta a tasha, ni kaina na ji ta a bakin kaskona har na haddace. Ba wanda ya damu, don a tunaninmu wace rana ce Idi zai yarda kayansa sun lalace balle ya kai gyara.

Sai shekarar nan ta zo, wadda damina ta ƙi, zamanin soja. Ku da kuka gan ta ba sai na ba ku labari ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, mutanen karkara suka cika gari, wake ya gagare ni har na rage tuya. Wa zai kawo mota fenti alhali gidansa ba hatsi? Garejin Idi ya koma wurin kwanan awaki. Ana cikin haka yayarsa Kande ta sauka daga ƙauyensu na bayan Tibiri, ita da surukanta mata da jikoki tuli, mazan duk sun tafi Nijeriya neman abin yi. Idi ya tare su a zaure ya ce, "Wa ya ce maku ana ruwa a Maraɗi?" Ya gama faɗansa, sannan ya kwashe gwangwanayen fenti daga ɗakin baya ya ba su. Matarsa Barira ta koma auna tsaba da ludayi.

Ran nan sai ga wani ajidan, mai muƙami a soja, daga bariki da tsofaffin manyan motoci biyu. Wai babban baƙo zai zo daga Yamai, ana so a jera su sun yi kore shar. Mutane na cin dusa, su kuma damuwarsu launin mota. Amma ladan da ya faɗa ba na wasa ba ne, buhunan jar dawa ne, kuma a shekarar nan buhu ya fi takardar kuɗi magana. Ya ce kafin Juma'a yake son aiki. In ba a gama ba zai janye motocin ya kai wa wani, kuma Idi zai zo bariki ya yi bayani. Kowa ya san yadda ake bayani a bariki.

Idi yana da bindigar fenti guda ɗaya tak, ita ce dukiyarsa. A tsohon zanen Barira yake naɗe ta, ko ƙuda bai yarda ya sauka a kanta ba. A gindin mariƙinta akwai rami mai haƙora, inda ake murɗa bakin tiyon da ke kawo iska daga inji. Jikinta kuwa farin ƙarfe ne mai taushi, irin wanda ake zuba tukwane da shi, ba ya son ƙarfi ko kaɗan. Shekaru yana matse ta tana haƙuri. Da safen nan, don murnar dawa, ya murɗa tiyo ya ƙure, ina kallonsa ta cikin hayaƙi ya cije leɓe. Na buɗe baki ke nan na ji ƙas ɗin da na sani tun ranar jerena.

Na ce, "Ƙarhen Nasara ko?"

Ko ƙarfen bai zaga ba. A ranar na san abin ya kai inda ya kai, don Idi bai taɓa rasa wanda zai ɗora wa laifi ba.

Abin da ya biyo baya, da ba yunwa a ciki da na yi dariya har na faɗi. Dariyar ma na yi, ba zan yi muku ƙarya ba. Ya ɗebo zaren abawa na Barira ya nannaɗe bakin tiyo, ya tsoma a fenti, ya cusa, ya bari ya bushe. Yana tayar da inji tiyo ya fizge ya zabga masa bulala a ƙauri, gwangwanin fenti ya kife masa a ƙirji. Ya koma kore tun daga gemu har cibiya, motar soja kuwa ko ɗigo ba ta samu ba. Ya gwada ƙaro, ya gwada sabulu, ya yanko robar taya ya ɗaure har bindigar ta koma kamar ƙullin magani. Duk iska ta tsinka. Washegari ya hau keke har Tibiri wurin wani tsohon maƙeri, wai a like masa da wuta. Maƙerin ya juya ta a hannu ya miƙa masa abinsa, ya ce, "Wanga ba ƙarhe ba na, ɗana. In na sa ta wuta, ludayi za ka koma da shi gida."

Da ya dawo ya zo ya tsuguna gefen kaskona, ya yi mini wata irin murya mai laushi da ban san yana da ita ba.

"Tsahara, uwar ɗakina."

Na ce, "Yau kuma? Hwaɗi abin da ka ɓata."

Ya ce, "Ki kai ma yaron can na bayan tasha. Ki ce taki ce."

Na ce, "Ni mai ƙosai mi nike da bindigar fenti? Yaji zan hesa?"

Duk da haka na ɗauka, don na shiga gidan da safe na ga abin da ke cikin tukunyar Barira, ganyen tafasa ne da ruwa, sai ɗan garin da aka yayyafa don ido. Na naɗe bindiga a mayafi na tafi. Lawali ya warware robar taya, ya bankaɗe zare, ya kankare sabulu, yana yi yana murmushi. Ya ce, "Inna, ko cikin duhu aka ba ni wannan na san hannun. Ina iya gyara ta, ko tamma ba ni karɓa. Amma ni ina wurin ya rantse, kuma kayanshi ya ce, bai ce ƙahwarshi ba. Ba a haɗa baki da ni a yi ma Allah wayo. Shi zo da kanshi, shi san ya karya ta."

Na dawo na dire masa ita a cinya. Ranar ban yi masa wasan taubasai ba, faɗa na yi masa na gaske, don raina ya ɓaci. Na ce masa jikokin Kande sun daina kuka, kuma yaron da ya daina kukan yunwa ba ƙoshi ya yi ba. Na ce ga dawa a bariki tana jiransa, shi yana nan yana gadin bakinsa. Ya zauna yana kallon ƙasa, koren fenti na nan a gemunsa. Can ya miƙe ya nufi gidan Liman, ni kuma na bi shi, don ban yarda ba zai karkata a hanya ba.

Ko a gaban Liman sai da ya yi ciniki. Liman ya ce kaffarar rantsuwa ciyar da miskinai goma ce.

Idi ya ce, "Goma? A shekarar ga? To na gidana sun hi goma, a lissafa da su."

Liman ya ce, "Su da ma kana ciyar da su. Na waje za ka nema."

Ya ce, "Na ji ana azumi a madadi. Ai azumin muke tun da Kande ta zo."

Liman ya ce, "Azumi na wanda bai da hali ne. Kai da bakinka ka ce buhuna na tahe."

Idi ya fito yana gunaguni wai malaman yanzu ba su da rangwame.

Da rana tsaka ya shiga rumfar Lawali, ya zaɓi lokacin da yake zaton kowa na barci. Ashe rabin tasha na nan zaune, ba wanda ya gaya musu, wai duk inuwa suka zo sha. Lawali ya yi masa sannu da zuwa. Ya kama bindigar a maƙama, ya faɗaɗa ramin kaɗan har matattun haƙoran suka fita. Ya ɗauko ƙarfen yanka haƙori, ya ɗiga masa mai, ya shiga murɗawa da yatsu, gaba kaɗan, baya kaɗan, ya hure gari, ya sake. Idi na tsaye hannunsa na ƙaiƙayi.

Ya ce, "Aikin matsorata. In za ka shiga ka shiga, mine ne na komawa baya?"

Lawali ya ce, "Komawa bayan ce ke hidda garin, Baba. In an ƙi ta, haƙorin karyewa yake."

Sannan ya sassaƙa ɗan guntun tagulla mai haƙora ciki da waje, ya murɗa shi cikin sabon ramin ya zauna daram, ya ɗaura bakin tiyo a cikinsa da hannunsa. Ya miƙa wa Idi, ya ce, "Ga ta. Amma ka ji da kyau, naman wurin ya ƙare. In wannan ya cinye, babu sauran inda za a yanka, sai dai a yar."

Idi ya karɓa, ya taɓa wurin da yatsa, na ga ɗaya hannun yana lallaɓawa zuwa aljihu. Kafin ya kai na rigaye shi. Na zare sifanar a gaban mutanen tasha, na soke ta a ƙugu cikin zanena, inda ko shi da rashin kunyarsa ba zai kai hannu ba. Har aka gama aikin motocin nan tana nan a ƙuguna ina tuya. Bini-bini sai ya kashe inji ya zo.

"Tsahara, ina jin iska na hita."

"Kunnenka ne."

"Ba ni ita in taɓa kawai. Ba murɗawa zan yi ba."

"In ka ƙara zuwa, mai zan watsa maka."

Haka ya fesa motoci biyu yana waiwayen ƙuguna, an ce bai taɓa aiki mai kyau kamarsa ba. Ranar Juma'a sojoji suka zo, motocin suka ƙi tashi, da turi aka kai su aka jera. Baƙon ma an ce ta wata hanyar aka bi da shi. Mu dai ba ruwanmu, dawa ta iso gida, kuma ranar na ji jikokin Kande suna faɗa a kan ƙanzo, na ji daɗin faɗan nan har cikin raina.

Saura kaffara. Ni aka sa na tuƙa tuwon, don Barira na fama da na cikin gida. Idi ya tsaya a ƙofa da kansa yana ƙirga kawuna kamar mai sayen awaki, wai kada a cuce shi. Da na goma ya shiga ya sa hannu ya tare ƙofar. Ta bayan na goman wata mata ce, Buzuwa, da yaro a kafaɗa, kan yaron ya langaɓe. Ya ce mata, "An cika." Ba ta roƙe shi ba, ta juya ta koma gindin bango ta zauna. Na zage shi, zagin da ban taɓa yi wa ɗan'uwa ba, na kankare gindin tukunya na kai mata. Shi ko ya shige gareji ya yi ta buga ƙarafa ba dalili.

Washegari da sassafe sai ga shi da kwanon dawa cike, fuska a murtuke.

Ya ce, "Ki sake ɗora tukunya."

Na ce, "Ta mi?"

Ya ce, "Na tuna na maimaita rantsuwar ga a kasuwa. Ita ma sai an biya."

Ranar bai tsaya ƙirga ba, ya dai leƙa ya ga matar na ciki, ya koma. Kashegari ya tuna ta tasha. Bayan ita ya tuna wadda ya yi a bakin kaskona, sannan wata a gidan aski, sannan wata wai a kan keke shi kaɗai a hanyar Jiratawa. Labari ya kai wa Liman, ya taka har gareji ya ce, "Malam Idi, rantsuwa ɗaya ce ka maimaita, kaffara ɗaya ta isar maka. Ka riga ka hita."

Idi ya ce, "Malam, kana wurin sadda nike yin su? Kowace da niyyarta daban. Ka bar ni da Ubangijina."

Buhu guda cur ya ƙare a ƙofar nan. Ba ranar da bai tsaya a kan masu ci yana masifa ba, wai su ci su tashi, ba don su yake yi ba, bakinsa ne ya ja masa. Wanda ya yi kuskuren yi masa godiya kuwa ya sha zagi. Ni da nake aunawa na san nasa rabon na cikin gida ma ba ya cinyewa, turawa yake gaban yaran Kande ya ce tuwon Barira ba ya ciyuwa. Yaron Buzuwar nan da ƙafarsa ya bar unguwarmu da damina ta dawo.

Har ya koma ga Allah bai yarda ya yi wa kowa alheri ba. In an tayar da zancen shekarar sai ya tsuke fuska ya ce Lawali ne ya cuce shi, Liman ya ƙarasa shi. Shi ya sa in na ji kuna cewa mai kyauta ne nake jin haushi, don da yana da rai da ya bi ku da gudu.

Bawana, ka tafi ka bar ni ba wanda zan zaga, kuma gidan ya yi mini shiru. Ya Allah, Kai ka san rantsuwa nawa ya yi da gaske, Ka kuma san nawa ya ƙirƙira. Ka karɓa masa duka, Ka yafe masa taurin kansa, Ka ciyar da shi a inda ba a tare ƙofa. Amin.